Turke a Kan Rufin Mota

Habiris ya kashe motar da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba a kan hanyar hunturu, wadda ke bi ta kan daskararren kogi, tun da ya fara tuƙi. Mota ana tayar da ita ne a ƙofar gida, ba ta kuma yin shiru sai a wata ƙofar gidan, don in ta mutu a sanyin nan ba ta sake tashi, ko barci ne ya kama direba a hanya inji na gurnani a ƙarƙashinsa yake yinsa. Amma yau cikin motar ya daki wani ƙullutun ƙanƙara da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, ya ji ƙarar har a haƙoransa. Da ya duba madubi sai ya ga baƙin mai ya biyo su, siririn layi a kan farin kogi.

Ya sauka, ya kwanta, ya leƙa ƙarƙashi. Tukunyar man injin ta tsage, tsagar ta isa a zura yatsu. Man da ya rage yana fitowa a hankali kamar zuma, kafin ya miƙe tsaye ma ya daina fitowa, ya sandare a bakin tsagar.

"To, Auta?" in ji yayarsa Balbara da ya dawo ya ja ƙofa.

"Mun iso."

"Ina muka iso?"

"Inda za mu zauna."

Balbara ta kankare gilashi da gefen safar hannunta ta duba. Kogi ne daskararre mai faɗin da za a iya kafa gari a kai, gaɓa fara a dama, gaɓa fara a hagu, babu ko kara a tsaye. Itatuwa sun rabu da su tun jiya.

"Ka iya zaɓen wuri," ta ce. "Babu maƙwabta."

Ta girme shi nesa ba kusa ba. Ita ta goya shi, kuma ba ta ga dalilin da zai sa furfura ta canza masa suna ba. Aikinta na gwamnati a ɗakin haɗa waya ta yi shi, tana haɗa maganar wannan da ta wancan tana cusa tata a tsakani, har aka kawo na'urar da ba ta buƙatar kowa, aka sallame ta da takardar yabo. Tun daga nan maganar da ta saba raba wa gunduma guda ta dawo kan dangi. Da matar Habiris ta rasu ita ta ƙarasa rainon ɗansa Ercim. Shi ya sa da ta ji yaron zai yi aure da bazara a Kuranah, can bakin teku inda yake kula da injin wutar ƙauyen, ta ce sai ta je ta ga yarinyar da idonta tun ana iya fasawa.

Habiris ba yarinya zai je gani ba, turke zai kai. Amarya ba ta sauka a gidan da babu turke a ƙofarsa. Ercim ba shi da doki, babur ɗin ƙanƙara gare shi, amaryar kuma daga layin baya za ta taka da ƙafarta, amma ba a taɓa jin wanda ya tambayi turke ina dokinsa ba. A Kuranah bishiyar da ta fi kowace tsawo iyakarta gwiwa, kuma idan kogi ya narke babu sauran hanya, don haka in za a kai turke to yanzu ne. Hunturun nan duka a kansa Habiris ya ƙare, a cikin rumfar bayan gida, yana sassaƙa. Ya yi masa wuya uku kamar yadda ake yi: na sama don dawakin mutanen sama, na tsakiya don na 'yan Adam, na ƙasa don na waɗanda ke ƙarƙashin ƙasa. A can ƙoli ya fitar da kan doki. Yanzu turken na kwance a kan rufin motar, an naɗe shi da tsofaffin barguna kamar mara lafiya.

Balbara ta ciro wayarta, ta duba, babu sabis, ta mayar.

"Wa ka gaya wa muna tafe?"

"Ba a faɗa."

"Na san ba a faɗa. Na ce wa ka gaya wa?"

"Ke dai kin gaya wa Ercim. Ko ƙawarki Motruna. Ko matar mai shago."

"Ba kai ka ce in na buɗe baki ba za ka ɗauke ni ba?"

"Na sha gaya miki abubuwa, Yaya."

"To wannan karon na ji."

Direba ba ya faɗin ranar isowarsa, domin hanya ba ta son a yi alƙawari da sunanta ba a tambaye ta ba. Habiris bai yarda da abubuwa da yawa ba, amma wannan ya riƙe shi da kyau, tun da ba a biyan komai kuma yana rage masa amsa waya. Sai yanzu ya lura cewa duk shekarun nan yana riƙe da al'adar ne cikin kwanciyar hankali don ya san akwai mai karya masa ita a gida. Hanyar Kuranah kuwa reshe ce. Tankar da ke kai wa ƙauyen man inji takan bi ta idan ta ga dama.

Bai tsaya tunanin wannan ba, don ɗumin da ke cikin motar ya fara fita. Ya jawo akwatin ko-ta-kwana daga ƙarƙashin kujerar baya. Duk kaka sai ya zazzage akwatin nan ya sake shirya shi, abokansa na yi masa dariya suna cewa ya fi kula da shi a kan yadda ya kula da matarsa, ita ma marigayiyar ta taɓa faɗin haka ba da dariya ba. Ya fitar da ɗan murhun kwano mai ƙafa huɗu, ya cire ƙaramin gilashin gefe, ya maye gurbinsa da farantin ƙarfe mai huda, ya zura bututun hayaƙi. Ya rataya bargon gashi a bayan kujerun gaba don ɗakin nasu ya ƙanƙance, ya toshe sauran tagogin. Ya sa Balbara ta cire takalmanta na zuwa ganin amarya, masu ado da duwatsu, ta zura na gashi da suka yi mata yawa, sannan ta shiga buhun barci na fatar barewa har wuya. Ya fita da shebur ya tara dusa a gindin motar ta ko'ina don kada iska ta bi ta ƙarƙashi. Numfashinsa na daskarewa a gaban fuskarsa yana zuba da 'yar ƙara kamar ana sheƙa hatsi. Ba ya buƙatar ma'auni, wannan ƙarar sai sanyi ya haura hamsin ƙasa da sifili ake jinta.

Akwai buhun itace guda, busasshe, an faskara shi ƙanana. Da wutar ta kama, Balbara ta zaro hannu ɗaya, ta gutsuri fanke, ta shafa masa man shanu, ta jefa a murhu tana 'yan maganganu ƙasa-ƙasa ga Kakan Wuta.

"Abincinmu ne kike rabawa," in ji Habiris.

"Shi aiki zai kwana yi. Kai me za ka yi?"

"Hayaƙi ne kawai ke cin fanken nan."

"To bar shi ya ci. Ya fi ka godiya."

Tun da sauran haske ya gangara da tayar ajiya nesa da mota, ya zuba mata fetur, ya cinna. Hayaƙin ya miƙe sak, baƙi ƙirin, babu iskar da za ta karkata shi. Ya yi kyau ƙwarai, da akwai mai kallo da ya yaba. Ya dawo ya ɗauko fitilar fetur mai hura wuta, wadda ake gasa cikin inji da ita, don ya ga ko za ta taimaka wa murhu idan itace ya yi ƙasa. Bugu biyu ya yi wa famfonta fatar ciki ta farfashe kamar ɓawon ƙwai. Ya mayar da ita akwati a hankali, ya gyara mata zama, kamar tana da sauran amfani.

Suka ɗumama gwangwanin nama, suka narka dusa suka dafa shayi, Balbara ta fasa gefen daskararriyar madara ta jefa a ciki. Rana ta gama ɗan zagayenta a gindin sama ta koma inda ta fito. Balbara na kallon buhun itacen tana auna shi da ido.

"Buhun nan ba zai kai mu hantsi ba."

"Akwai akwatin. Akwai katakon daɓe."

"Akwai bishiya guda a kan kanmu."

Ya dube ta. "Turke ne."

"Gungume ne. An kafa shi? An yayyafa masa nonon goɗiya? An ɗaura masa gashin doki? Wani tsoho ya tsaya a gabansa ya yi addu'ar nan da ba ta ƙarewa har abinci ya huce? Har yanzu itace ne da aka yi wa kunnuwa."

"Tun da aka yanka wuyan nan uku ya zama turke. Ba a sara, ba a ƙonawa. Sai ranar da ya faɗi da kansa."

"Ji malamin al'ada. Ɗazu-ɗazu hayaƙi ne ke cin fankena."

"Wannan daban."

"Daban mana. Fanke ni na soya, turke kai ka sassaƙa."

Habiris ya buɗe murhu ya gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Abin da ke ransa kunnen hagu ne. Na dama ya zo da sauƙi, amma na hagu sai da ya kwashe kwanaki yana zagaya shi da wuƙa kafin ya ɗan karkata baya kamar dokin ya ji motsi. Ya riga ya ga mazan Kuranah tsaye kewaye da turken, hannuwa a aljihu, ba su ce komai ba, wanda a wajensu shi ne iyakar yabo. Ya ga Ercim, wanda tun yana yaro yake kai ƙararsa wajen gwaggo, yana cewa, "Babana ne ya yi." Duk wannan bai shafi mutanen sama ko na ƙasa ba, amma da sunansu ya fi daɗin faɗa.

"Tankar za ta zo," ya ce.

"Ta gaya maka rana?"

Daren ya wuce yadda irinsa ke wucewa. Suna ba murhu itace ɗaya-ɗaya, suna barci bi da bi, mai ido biyu na taɓa mai barci ya ji ko yana nan. Bangon motar ya tsiro farin gashi daga numfashinsu. Don kada barci ya sace ta a lokacin gadinta Balbara ta ɗauko tarihin auratayyar gunduma tun daga farko, abin da ta tara a ɗakin waya, kuma kafin asuba Habiris ya san ainihin uban mutane da dama da yake gaisawa da su. Buhu ya ƙare. Akwatin ko-ta-kwana ya bi bayansa, bayan an zazzage kayansa a ƙasa, sai katakon daɓe, sai katakon kujeru, sai ƙotar shebur.

Da gari ya yi fari-fari ya fita ya kwance tayoyin baya ya ƙona, don hayaƙi. Aikin ya ci shi, kowane noti sai da ya yi masa gardama, yana yi yana shiga mota ya sa hannuwa a hammata har su dawo. Da ya gama ya shigo ya zauna, murhun ya koma 'yan jajayen idanu a cikin toka. Ya daɗe zaune yana jin akwai abin da ya canza a motar bai gane ko mene ne ba. Sai can ya gane shiru ne.

"Yaya."

"Mm."

"Ba ki ƙarasa mini labarin matar likitan dabbobi ba."

"Mutuniyar kirki ce."

Habiris ya matso. A saninsa Balbara ba ta taɓa kiran kowa mutumin kirki ba sai bayan an rufe shi da ƙasa. Ta daina rawar sanyi. Fuskarta ta yi sumul, duk tsamin ya fita, ta zama irin tsohuwar da ake sakawa a kalanda.

"Habiris," ta ce, kuma rabon da ta kira shi da sunan nan tun ranar jana'izar matarsa. "Kada ka taɓa turken nan."

"Jiya gungume ne."

"Wasa nake yi. Ka yi aiki mai kyau. Kunnuwan nan kamar za su motsa, na leƙa rumfar ba ka nan. Kada a fara wa yaro aure da toka." Maganar na fita a hankali, harshen na jan ƙafa. "Ni ma na ji ɗumi yanzu. Zafi ma nake ji."

Hannunta na laluben ƙullin gyalen wuyanta tana son kwancewa. Kowa ya san wannan ɗumin, shi ke zuwa wa wanda sanyi ya kusa kashewa. Waɗanda ake tsinta a gefen hanya da bazara sau da yawa ba riga a jikinsu, sun ninke ta sun ajiye a gefe. Ya kama hannun ya mayar cikin buhu, ya ƙara ɗaure gyalen, ya cire babbar rigarsa ta waje ya lulluɓa mata, ya tura 'yan guntayen katakon da suka rage a murhu. Ya ɗauki zarto da gatari.

"Ina za ka?"

"Zan duba taya."

Igiyar da ke kan rufin ta zama ƙarfe, bai ɓata lokacin kwancewa ba, ya sare ta. Ya tura turken da kafaɗa. Ya gangaro ya faɗi a kan ƙanƙarar kogin da ƙara irin ta ƙararrawa, ƙarar ta tafi ta daki gaɓa ta dawo. Ya yaye bargunan ya jefa su cikin mota a kan yayarsa. Kan dokin na kwance a gefe, ido ɗaya a sama.

Daga gindi ya fara. Wannan ɓangaren dama a rami zai shiga, ba mai ganinsa, kuma turke bai zama dole ya yi zurfin kabari ba. Ya yi wa kansa wannan bayanin yana jan zarto, ya same shi bayani mai ma'ana. A irin wannan sanyin ba a aiki da ƙarfi, iska na ƙona huhu, gumi kuma in ya fito shi zai kashe mutum, don haka yana ja a hankali kamar mai aikin gwamnati. Itacen busasshe ne, shekara biyu yana ajiye a inuwa. Gatari na taɓa shi yake buɗewa.

Ya cika murhu har baki. Kwanon ya fara ƙara, ya yi ja a gefe, farin gashin bango ya fara ɗiga. Ya dafa shayi ya zuba sukari har cokali na tsayawa, ya tallafo kan Balbara yana ba ta kaɗan-kaɗan. Rabi na bin haɓarta. Ya zauna a bayanta ya jingina ta da ƙirjinsa, yana kiran sunayen mutanen da ta tsana ɗaya bayan ɗaya yana yabonsu, ko za ta tanka. Ba ta tanka ba. Ya fita ya sake yankowa.

Zuwa tsakar rana gindin ya ƙare, zarto ya iso wuyan ƙasa. Ya ɗan tsaya. Sannan ya ga cewa mutanen ƙarƙashin ƙasa ba baƙin da ake ɗokin zuwansu ba ne, in sun zo biki sa iya ɗaure dawakinsu a gidan maƙwabta. Ya yanka.

Yana cikin jera itacen a gefen murhu ya ji buhun barcin na kaɗawa. Rawar sanyi ce ta dawo mata, mai ƙarfi, haƙora na haɗuwa. Bai taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Ya ƙara mata shayi. Ta sha da kanta, ta buɗe ido, ta daɗe tana kallon wani guntun itace da ke kusa da ƙafarta, wanda ke ɗauke da zanen da ya yi wa kewayen wuyan.

"Taya ke nan?"

"Taya ce."

"Na ce kada ka taɓa."

"Kin kuma ce gungume ne. Na zaɓi wadda kika faɗa da hankalinki."

Ta rufe ido. "Shayin nan ka kashe shi da sukari, Auta. Kai ko ruwa aka ba ka ka dafa sai ka ɓata."

Turken ya ciyar da murhu sauran yinin da daren da ya biyo. Habiris bai ƙara neman hujja ba sai da ya zo wuyan tsakiya, na 'yan Adam, nan ma bai sha wahala ba, duk wanda zai zo gidan Ercim a kan babur zai zo. Wuyan sama ya yanka shi da duhu, da kyandir a cikin gwangwani, bai ce komai a kansa ba, a zuci ko a baki. Yatsun ƙafarsa biyu na hagu sun daina ba shi labari tun da yamma, ya bar su da shirunsu. Balbara ta ci nama, ta ƙarasa labarin matar likitan dabbobi, wadda ashe ba mutuniyar kirki ba ce ko kaɗan. Amma tana yi tana tsayawa, kuma duk lokacin da wutar ta ja baya sai maganar ta ja baya tare da ita.

Da hantsi ya sake yi, tayoyin gaba sun tafi, hayaƙinsu ya tsaya a sama ya gaji ya watse. Abin da ya rage na itace a duniya kan doki ne. Habiris ya shigo da shi ya ɗora a cinya. Ya fi yadda yake tsammani nauyi. Murhun na cin guntun ƙarshe.

Balbara ce ta fara ji. Ta ɗaga yatsa daga cikin buhu.

"Babbar mota."

Ya riƙe numfashi. Can ƙasa-ƙasa, kamar a cikin ƙashin kansa, akwai gurnani. Ya ɗauke, ya dawo.

"Kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba," ta ce. "Ajiye shi. Ka kai wa yaro ko kan ne, ya ɗora a kan talabijin."

"Kin san nisanta?"

"Na ce maka mota ce, ban ce maka ni boka ba ce."

A irin wannan sanyin ƙara na tafiya yadda ta ga dama. Mutum kan ji ana saran itace a ƙauyen da sai ya yini bai kai ba. Motar na iya kasancewa bayan kwanar nan ta gaba, tana iya kasancewa bayan kwanar kogin ta goma, tana rarrafe da kaya a kan ƙanƙara, direban na tsayawa shan shayi. Ya dubi murhu. Ya dubi yayarsa. Leɓunanta sun fara komawa kalar da suka yi jiya, kuma ta ce "ajiye shi" da wata murya mai laushi da bai so ba.

Kan ba zai shiga ƙofar murhu ba. Ya ajiye shi a kan ƙarfen daɓe, ya gyara masa zama, ya ɗora bakin gatari tsakanin kunnuwan don ya auna. Sara ɗaya ya yi. Itacen ya rabe biyu tsaf, babu ko tsiro, irin rabewar da ke nuna an iya zaɓen itace. Ya ƙara raba kowane. Ya fara tura ɓangaren dama, sannan na hagu.

"Da ka ɗan jira," in ji Balbara.

"Da na jira."

"Me za ka ce wa Ercim?"

"Zan ce na kawo masa gwaggonsa."

"Zai ce ina turken."

"Zai ce."

Wutar ta kama da kyau. Suka zauna suna jin gurnanin na zuwa yana komawa. Ta miƙa tafin hannu ga murhu, ta juya bayansa, ta ce a daɗa shayi, kada a sa sukari. Kan dokin ya ci, ya zama garwashi, garwashin ya fara yin fari a gefe, kwanon murhu ya shiga 'yar ƙarar da yake yi idan yana hucewa. Gurnanin bai ƙara kusa ba sai da Habiris ya fara kallon ƙotar gatari. Sannan ƙanƙarar da ke ƙarƙashinsu ta ɗauki rawa, aka ji birki, aka ji takun mutum a kan dusa.

Aka ja ƙofar da ƙarfi har ƙanƙarar bakinta ta zube. Wani ƙato ne, gemunsa da girarsa fari fat da raɓar numfashi, sanyi na shigowa ta gefensa kamar hayaƙi. Ya dubi motar da babu kujeru, babu daɓe, ya dubi tulin barguna.

"Akwai masu rai?"

Tulin bargunan ya motsa.

"Rufe mana ƙofa, ɗan nan," in ji Balbara. "Ba ka san abin da muka ƙona ba."